Suna Linzami: Yadda Sinawa Ke Zaɓar wa 'Ya'yansu Suna

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin zumuntar mata na shiyya)

 

Kan maganar da kwamiti ya ba ni zai ba waɗansu mamaki. Wani zai ce, ga damuwa ta yi mana yawa a gida, me ya kai mu ƙasar Sin? Dalili biyu ne. Akwai wani saƙo da ke yawo a wayoyin matasanmu, mai cewa labarin Littafin Farawa yana ɓoye cikin rubutun Sinawa, har waɗansu masu wa'azi sun fara hawa bagadi da shi, dattawa kuma sun nemi a faɗa musu ko gaskiya ne. Sa'an nan akwai batun sunayen da muke raɗa wa 'ya'yanmu a kwanakin nan, wanda ya daɗe yana ci wa da yawa cikinku tuwo a ƙwarya. Maganganun nan biyu sun haɗu a wuri ɗaya, shi ya sa zan ɗauke su tare.

Ƙasar Sin kuwa ba baƙuwa ba ce a tarihin bangaskiyarmu. Hudson Taylor ya sauka Shanghai a 1854, ya kafa mishan ɗinsa na shiga tsakiyar ƙasar Sin a 1865. Salon aikinsa ne su Bingham suka bi da suka iso ƙasarmu a 1893, haka ma Karl Kumm da ya kafa zango a Wase a 1904. Har surukuta akwai: matar Kumm, Lucy Guinness, 'yar'uwarta Geraldine ita ce matar ɗan Hudson Taylor. Saboda haka masu bin Sin da mu, kusan a gindin murhu ɗaya aka dafa mu.

Bari in fara da rubutun kansa, domin in ba a gane shi ba, ba za a gane sunan ba. Mu da boko muke rubutu, ko ajami. Harafi ɗaya sauti ɗaya ne, ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yan'uwansa. Na Sinawa ba haka yake ba. Kowace alama gaɓa ce guda, kuma tana ɗauke da ma'anarta. Zan riƙa kiranta harafi don sauƙi, amma ku riƙe cewa ta fi kusa da kalma. Mafi tsufan rubutunsu da aka samu yana kan ƙasusuwan kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru, wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Almasihu, zamanin daular Shang, kuma sarakuna duba suke yi da su. Sai a 1899 masana suka gane cewa rubutu ne. Ƙamus ɗin da sarki Kangxi ya sa aka yi, wanda ya fito a 1716, yana da haruffa fiye da 47,000. Ba mai riƙe su duka a ka. Jerin da gwamnatinsu ta fitar a 2013 na waɗanda ake amfani da su yana da 8,105, mai karanta jarida kuwa 3,000 zuwa 4,000 sun ishe shi.

Waɗansu haruffan hoto ne aka taƙaita. Ku dubi allo. Wannan 人 mutum ne, ƙafafu biyu. Wannan 木 itace ne. In ka jera biyu, 林, kurmi ke nan, in uku ne, 森, daji mai duhu. Mutum a jingine da itace, 休, shi ne hutawa, kuma kowane manomi a nan zai ce daidai ne. Rana 日 da wata 月 a haɗe, 明, haske ne ko fahimta. Ku riƙe wannan na ƙarshe, za mu sake haɗuwa da shi.

Amma irin waɗannan masu daɗin bayani kaɗan ne. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na haruffan Sinanci kashi biyu ake haɗawa: ɗaya ya nuna dangin ma'anar, ɗayan kuwa sauti kawai yake nunawa. Misali, doki 马 ana ce da shi ma. Uwa ita ma ma ce, da wani karin murya dabam. Da za a rubuta uwa, sai aka ɗauko alamar mace aka jingina da alamar doki, 妈. Babu wanda yake nufin uwarsa doki ce. Dokin yana wurin ne don ya gaya maka yadda za ka furta. Wani masaninsu mai suna Xu Shen ya bayyana wannan tsari tun wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Almasihu, cikin ƙamus mai haruffa 9,353.

To, a nan saƙon wayar nan ya yi tuntuɓe. Tushensa wani littafi ne da C. H. Kang da Ethel Nelson suka fitar a 1979, ban kuma yi shakkar kyakkyawar niyyarsu ba. Babban misalinsu shi ne jirgin ruwa, 船. Suka ce hagunsa kwalekwale ne, damansa kuma takwas ne da baki, wato mutum takwas cikin jirgi, Nuhu ke nan da iyalinsa. Abin da daɗin ji. Sai dai ɓangaren daman nan yana cikin harafin dalma, 铅, yana kuma cikin harafin bin gefen kogi, 沿. Me ya haɗa iyalin Nuhu da dalma? Babu. Sauti yake nunawa a duka ukun. Kuma a kan ƙasusuwan nan na dā, jirgi 舟 ne kawai ake rubutawa, mai takwas ɗin daga baya ya zo. Haka yake da 禁, hani, da 婪, kwaɗayi, inda suka ce itatuwa biyun nan na gonar Aidan ne. Kurmin nan ne da na nuna muku, ana furta shi lin, yana ba jin da lan sautinsu.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne adalci a tsohon rubutu, 義: tunkiya a sama, "ni" a ƙasa. Masu bi a Sin da kansu sukan yi misali da shi, cewa Ɗan Rago ya rufe ni, na zama mai adalci. Ban hana kowa yin misali da shi ba, kamar yadda Ubangijinmu ya yi misali da ƙwayar mastad da yisti. Amma misali dabam, hujja dabam. Kada ka tsaya gaban jama'a ka ce waɗanda suka ƙirƙiro harafin sun san Kalfari. Tunkiya tana cikin harafin kyau da na kirki ma, domin dabba ce mai daraja a wurinsu. Yau 'ya'yanmu suna zuwa Sin karatu, Sinawa kuma suna nan suna gina mana layin dogo suna kasuwanci a Kano da Legas. Ranar da yaro ya kai wannan hujja gaban wanda ya san harshen aka yi masa dariya, ba hujjar kaɗai zai zubar ba, zai fara tambayar sauran abin da fasto ya faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da don Allah aka haƙa shi. Bishara ba ta bukatar mu yi mata ƙarin gishiri.

Yanzu mu shiga suna. Basine yana fara sunansa da na zuriya, sa'an nan nasa na yanka, harafi ɗaya ko biyu. Sunayen zuriyar kaɗan ne ƙwarai in aka duba yawan jama'ar: Wang, Li da Zhang (ana faɗinsa kamar Jang) kowannensu yana da mutane wajen miliyan 90 zuwa 100, kuma sunaye ɗari sun kwashe kusan kashi 85 cikin ɗari na mutanen ƙasar. Mace ba ta canza nata in ta yi aure. Tun da na zuriya gado ne, duk hikimar iyaye tana ƙarewa kan harafi ɗaya ko biyun nan.

Ga inda abin ya bambanta da namu. Mu muna da jerin sunaye a shirye, Bitrus, Saratu, Ishaku, sai ka miƙa hannu ka ɗauka. Su ba su da irin wannan jeri. Ƙamus gaba ɗaya ne a gabansu, su za su ƙera sunan. Kuma harshensu gaɓoɓinsa kusan 400 ne kawai, in an haɗa da karin murya huɗu su kai wajen 1,300, ga haruffa dubbai. Dole kalmomi da yawa su yi tarayya a sauti ɗaya. Mu ma mun san irin wannan: kuka na hawaye da kuka ta miya, gari na zama da gari na tuwo. Nasu ya ninka namu sau da yawa. Sautin li da murya mai faɗuwa yana iya zama 丽 kyau, ko 力 ƙarfi, ko 立 tsayuwa, ko 利 riba. Uba ba zai iya cewa "ku sa mata Li" ya tafi ba. Mai rajista zai tambaye shi, wane Li? Dole ya zaɓa ko kyau yake roƙa wa 'yarsa ko riba. Ko a gaisuwa, mutum yakan ce, ni Zhang ne na baka da tsawo, don a bambanta shi da wani Zhang, ko ya ce Li na itace da ɗa. Rubutunsu ya tilasta musu sanin ma'anar sunansu. Mu namu rubutun ya bar mu mu raɗa sauti kawai mu wuce.

Saboda haka sukan zauna su auna. Su duba ma'ana, su furta sunan haɗe da na zuriya don kada ya yi kama da wata mummunar kalma yara su samu abin tsokana, su duba ko zanen ya yi wa ɗan firamare yawa. Kakanni sukan sa baki. A gidajen gargajiya akwai harafin tsara: kakannin kakanni sun tsara jerin haruffa, kowace tsara ta ɗauki ɗaya, duk 'yan'uwa maza da 'ya'yan baffanni su yi tarayya a cikinsa. Mao Zedong ƙannensa Mao Zemin da Mao Zetan ne, Ze ɗin nan na tsararsu ne. Mutum biyu 'yan dangi ɗaya da ba su taɓa haɗuwa ba, da jin suna za su san wa zai durƙusa wa wa.

Abin da zai ba iyayenmu mata dariya shi ne kunya. A wurinsu rashin ladabi ne a sa wa yaro sunan kakansa, ko ma harafi ɗaya daga sunan uba ko kaka. A zamanin sarakuna, harafin sunan sarki ba ya rubutuwa yadda yake, sai a rage masa zane ɗaya ko a sauya shi da wani. Mu kuwa girmamawa ce a yi wa kaka takwara. Amma ku lura, da zarar an sa sunan, uwar yaron ba ta iya furta shi, sai ya koma Abba, ko Baba, ko Ummi, ko Mama. Kunyar ɗaya ce. Su sun kauce tun a rubuce, mu mun rubuta sa'an nan muka kauce da baki.

Akwai kuma inda tsoronmu ya zama ɗaya. A ƙauyukan Sin na dā, inda yara ke yawan mutuwa, akan ba jariri mummunan sunan gida, kamar Gousheng, wato ragowar kare, don mugayen ruhohi su raina shi su wuce. Wa ya ji wannan bai tuna da Ajuji da Ayashe ba? Uwar da ta binne uku ko huɗu, a Sin take ko a ƙasar Hausa, dabara ɗaya ta zo mata. Ba na yi mata dariya. Amma mai bi ya san ba da wayon suna ake tsare rai ba.

Wanda ya fi ciwo shi ne Zhaodi, 招娣. Sunan 'ya mace ne, ma'anarsa "jawo ƙane". An haife ta, ana son namiji, sai aka mai da sunanta roƙon wani. Akwai Laidi, "ƙane ya zo", da Pandi, "begen ƙane". Ku yi tunanin yarinyar da duk ranar da malami ya kira rajista, ana tuna mata cewa ba ita aka so ba. A 'yan shekarun nan jaridun Sin sun ba da labarin mata da yawa masu irin wannan suna da suka je ofis suka canza shi bayan sun girma. Kafin mu girgiza kai, mu dubi gida. A harsunanmu akwai sunayen da fassararsu ita ce "sun ƙi ni", ko "bari su faɗa", ko "ba ni da kowa". Habaici ne ga kishiya ko ga dangin miji, aka ɗora wa jariri ya yi ta dakonsa har tsufa. Rigimar ta wuce, waɗanda aka yi dominsu sun mutu, shi yana nan yana amsa sunan. Littafi Mai Tsarki ya san wannan. A Farawa 35, Rahila tana bakin mutuwa ta sa wa ɗanta suna mai nufin ɗan baƙin cikinta, Yakubu kuwa, da shi ma yake cikin makoki, ya ƙi barin yaron da wannan kaya, ya kira shi Biliyaminu, ɗan hannun dama. Dattawa, wannan aikinku ne a ranar suna. In kun ji an kawo sunan da fushi ya haifa, ku ja iyayen gefe.

Siyasa ma ta shiga sunayensu, zan wuce ta da sauri. Waɗanda aka haifa wajen 1949 da yawa Jianguo ne, "gina ƙasa". Na lokacin yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, Yuanchao, "taimaki Koriya". Na 1966 zuwa 1976 akwai Weidong, "kare Mao", da Wenge, sunan juyin al'adun nan da ya rufe majami'u ya ƙone Littattafai Masu Tsarki. Da aka yi wasannin Olamfik a Beijing a 2008, an ƙidaya fiye da mutum 4,000 masu suna Aoyun, wato Olamfik. Guguwa takan wuce ta bar mutum da sunanta. Mu ma muna da yaran da ke ɗauke da sunan ɗan ƙwallo ko ɗan siyasar da iyayen yanzu ba sa son jin labarinsa.

Sai batun duba. Har yau iyaye da yawa a Sin sukan kai shekara, wata, rana da sa'ar haihuwar yaro wurin mai lissafi. Shi zai auna abubuwa biyar da suka ce duniya ta ginu a kansu, itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa, ya ce wannan yaro ruwa ya gaza masa, a nemo harafi mai alamar ruwa a cike. Al'adar ta daɗe. Sarkin da ya kafa daular Ming a 1368 ya tsara cewa zuriyarsa su riƙa bin abubuwan nan biyar bi da bi a sunayensu: Zhu Di yana da itace, ɗansa wuta, jikansa ƙasa, na gaba ƙarfe, na gaba ruwa. Daular ta faɗi a 1644, lissafin bai tare ta ba. Waɗansu kuma ƙirga zanen alƙalamin da ke cikin suna suke yi don su ga sa'a. Mu sunan wannan a wurinmu duba ne, Kubawar Shari'a 18 kuwa ba ta bar ƙofa ba. Kuma in faɗi gaskiya, mai zuwa wurin wani "annabi" ya biya kuɗi don a gano masa sunan da zai buɗe wa yaro arziki, ko a ce masa sunansa ne ya ɗaure shi sai an canza, bai bambanta da wancan ba. Rigar kawai aka sauya.

Yaya masu bi na Sin suke yi? 'Yan mishan da kansu sai da suka ɗauki sunan Sinanci. Matteo Ricci, wanda ya rasu a Beijing a 1610, ya zama Li Madou. Hudson Taylor ya zama Dai Desheng, haruffa biyun ƙarshe halin kirki ne da rai. (A nan ƙasar mu ne muka raɗa musu, kamar yadda Likita Stirrett ya zama Bature Mai Magani.) Sunan Ubangijinmu kuwa a bakinsu Yesu ne, kusan yadda muke faɗa. Iyaye masu bi sukan zaɓi 恩 alheri, 信 bangaskiya, 望 bege, 爱 ƙauna, 光 haske. Kun ji su? Alheri, Bege, Ƙauna, Haske: sunayen 'ya'yanmu ne. Mai bishara John Sung, ɗan fasto da aka haifa a 1901, sunansa na gida Zhu'en, alherin Ubangiji. Watchman Nee, wanda littattafansa ke cikin akwatunan da yawa cikinmu, an fara kiransa da suna mai nufin ɗaukaka kakanni, daga baya ya ɗauki Tuosheng, wato ƙarar sandunan da mai gadi ke bugawa da dare. An kama shi a 1952, ya mutu a tsare a 1972.

Akwai hikima a harafin alherin nan da ta shafe mu, mu da muke zaune tsiraru. Ba masu bi kaɗai ke amfani da shi ba. Zhou Enlai, firaministan Sin daga 1949 zuwa 1976, ba Kirista ba ne, amma En ɗin sunansa wannan harafin ne. Maƙwabci zai karanta shi a matsayin kirki, mai bi ya karanta alherin Allah. Na san iyaye a nan da ke fargabar cewa Bulus ko Rifkatu zai sa a ture takardar yaro a wurin neman makaranta ko aiki. Ba fargabar banza ba ce, mun gani. Wanda ya sa wa ɗansa Musa, Yusufu, Haruna ko Maryamu bai yi musun kowa ba, sunayen Littafi ne, kada wani ya yi masa gori. Daniyel da abokansa ma an canza musu suna a Babila, suka amsa, amma ba su durƙusa wa gunki ba. Iyakar tana nan: suna mai sauƙin shiga jama'a dabam, a tambaye ka bangaskiyarka ka yi ƙarya dabam.

Mutumin da na fi so ku sani shi ne Wang Mingdao. An haife shi a Beijing a 1900, lokacin tawayen da aka kashe dubban masu bi. Mahaifinsa, ma'aikacin asibitin mishan, tsoro ya sa ya kashe kansa kafin a haife shi. A ƙasar Hausa da Audi za a kira shi. A gida aka sa masa Tie, ƙarfe. Sunansa na makaranta Yongsheng, wadata ta har abada. Yana ɗan shekara ashirin ya ajiye sunan wadata ya ɗauki Mingdao. Ming ɗin shi ne rana da watan nan da na ce ku riƙe. Dao, 道, hanya ce, kuma shi ne harafin da masu fassarar Littafi Mai Tsarki na Sinanci na 1919 suka zaɓa don Kalma a farkon Bisharar Yohanna. Sunan yana nufin bayyana Hanya. Ya kafa majami'a a Beijing wadda ba ta karɓar kuɗin waje. Lokacin da Japan ta mamaye birnin, ya ƙi shiga ƙungiyar ikilisiyoyin da suka kafa. Da Kwaminisanci ya zo, ya ƙi shiga ta gwamnati. Aka kama shi a 1955.

A kurkuku ƙarfen ya lanƙwashe. Ya sa hannu a takardar amsa laifin da bai yi ba, ya yi alkawarin shiga ƙungiyar, aka sake shi a 1956. Ya fito ba shi da salama, yana ganin kansa kamar Bitrus a daren da zakara ya yi cara. Bai cika alkawarin ba, aka sake kama shi a 1958, daga baya a tsare ya janye duk abin da ya amsa. Sai a 1980 ya fito, tsoho, ido da kunne sun raunana. Ya rasu a Shanghai a 1991. Sunan ƙarfe bai hana shi karyewa ba, sunan wadata bai kawo masa wadata ba. Na ukun, wanda ya zaɓa da idonsa buɗe a gaban Allah, bai zame masa laya ba shi ma. Amma shekara ashirin da 'yan kai a tsare, sunan aikinsa yake ɗauke da shi. Hausawa sun ce suna linzami ne. Linzami ba ya hana doki tuntuɓe, juyo da shi yake yi.

A Luka 1, da dangi suka taru ranar kaciya suna so a yi wa Zakariya takwara, suna cewa babu mai wancan sunan a zuriya, tsohon bai iya magana ba, sai ya nemi allo ya rubuta. Yohanna kuwa ma'anarsa Ubangiji ya yi alheri. An san ma'anar, an kuma rubuta. Abin da nake roƙo ke nan ga ikilisiyoyinmu. Ba na cewa a daina sunan Turanci, ba na kuma cewa dole sai na Ibraniyanci. Harsunanmu cike suke da sunayen da ke ɗauke da Allah: Bura suna farawa da Hyel, mutanen Filato da yawa da Nan ko Nen. Waɗannan wa'azi ne a taƙaice, kuma muna barinsu suna ɓacewa don mun ga na talabijin ya fi zamani. Tambaya ɗaya ce: uban yaro zai iya tsayawa gaban ikilisiya ya faɗi abin da sunan ke nufi, ba tare da ya sunkuyar da kai ba?

Rubutun ma a kula da shi. A Sin, da aka koma katin shaida na kwamfuta daga 2004, masu haruffan da na'ura ba ta sani ba sun sha wahala. Wani saurayi da mahaifinsa ya sa masa Zhao C, da harafin boko, sai da aka je kotu, a 2009 ya yarda ya canza. Namu ya fi sauƙi amma yana cizo: takardar haihuwa ta ce Yohanna, ta makaranta ta ce Yohana, katin ɗan ƙasa ya ce John, yaro ya ci jarrabawa a riƙe masa sakamako, uba ya yi ta yawon rantsuwa a kotu.

Don haka ga shawarar da na kawo wa majalisar dattawa. Fasto ko dattijo ya ziyarci gidan mai ciki tun kafin haihuwa a yi maganar suna, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A littafin miƙa yara kuma a ƙara gurbi uku bayan sunan: harshen da ya fito, ma'anarsa, da dalilin da iyaye suka zaɓe shi, da bakinsu. A karanta wannan a gaban jama'a ranar miƙawa, a kwafa wa iyaye a bayan katin, da harufan da za su kai ofishin rajistar haihuwa ba tare da canji ba. Sakatare ya buga samfurin shafin, kowace ikilisiya ta karɓi ɗaya kafin a tashi. Bayan an sha ruwa za mu dawo mu ji tambayoyi, kuma zan so iyayenmu mata su fara.